Magungunan Farfaɗiya da Sauran Cututtukan Ƙwaƙwalwa: Yadda Suke Aiki da Abin da Ke Katse Su a Katsina

Ƙofar 'Yandaka na cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma masu tarihi sun fi tunawa da ita a matsayin ƙofar da Lugard da sojojinsa suka bi suka shigo birnin a 1903. A yau hanyar Batsari ce ke ƙarewa a bakinta. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan yammacin jihar, ta wannan hanya iyalai da dama suka shigo birni, wasu gudun hijira, wasu neman asibiti. A cikinsu akwai masu wata larura da rahotannin tsaro ba su cika ambata ba, wato mutanen da lafiyarsu ta rataya a kan ƙwayar maganin da dole su haɗiya kullum babu fashi. Mai farfaɗiyar da ya shekara biyu bai faɗi ba yana iya komawa gidan jiya cikin 'yan kwanaki idan maganinsa ya ƙare a hanya, ko kemis ɗin garinsu ya rufe, ko farashi ya fi ƙarfin aljihun mahaifinsa.

Dalilin haka yana cikin yadda magungunan suke aiki. Mafi yawan magungunan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa tumɓuke cutar daga tushe kamar yadda maganin zazzaɓin cizon sauro ke kashe ƙwayar cuta cikin kwana uku. Aikinsu riƙewa ne, kuma suna riƙewa ne muddin suna cikin jini. Ranar da suka janye, abin da suka danne sai ya taso.

Girman larurar

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan an gano cutar kuma an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin kowane mutum huɗu ba sa samun wannan magani.

A Najeriya, Farfesa Lukman Owolabi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi gida-gida a sassan ƙasar, suka wallafa a 2019 cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 1,000 na da farfaɗiya. Lissafin ba shi da wuya: a cikin kowane mutum miliyan ɗaya akwai 8,000. Wani binciken da Dakta Musa Watila ya jagoranta a garuruwa uku ya sami adadin Gwandu ta Jihar Kebbi ya zarce na Afikpo da Ijebu-Jesa da ke kudu nesa ba kusa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san abubuwan da ke haddasa cutar. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai, sanƙarau, rauni a kai daga haɗarin babur ko sara ko harbi, da shanyewar ɓarin jiki ga manya, duk suna barin tabo a ƙwaƙwalwa, kuma daga tabon ne farfaɗiya kan tashi, wani lokaci bayan shekaru. Katsina na cikin jihohin da annobar sanƙarau ta 2017 ta fi shafa, annobar da ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasar. An ƙirga waɗanda suka rasu, amma a cikin waɗanda suka rayu akwai masu ɗauke da tabon har yanzu.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ƙarami da ya yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi yawanci ba ya bukatar maganin kullum, abin da ake nema shi ne a magance abin da ya kawo zazzaɓin. Jijjigar mai juna biyu kuma wata cuta ce daban da ke tafe da hawan jini, maganinta allurar magnesium sulphate a asibiti cikin gaggawa. Likitoci kan kira abu farfaɗiya ne idan mutum ya faɗi sau biyu ko fiye, da tazarar da ta wuce awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba.

Wuta da ƙofofi

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da 'yar ƙaramar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi. Idan saƙo ya iso, ƙofofin sukan buɗe, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, wutar ta tashi ta bi tsawon jijiyar, sannan ƙofofin su rufe su ɗan huta kafin su sake buɗewa. A ƙarshen jijiyar akwai ɗan gibi tsakaninta da ta gaba, wanda wuta ba ta iya tsallakewa. Nan sai jijiyar ta saki wani sinadari ya haye da saƙon. Biyu daga cikin waɗannan sinadarai su ne jigo: gulutamet, mai zuga jijiya ta tashi, da GABA, mai lallashinta ta kwanta.

Lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin daidaiton waɗannan biyun. Farfaɗiya na aukuwa ne sa'ad da wani rukunin jijiyoyi ya kama wuta lokaci guda, fiye da ƙima, kamar yadda wutar lantarki kan dawo da ƙarfi ta ƙone ƙwan fitila da firji a unguwa. Idan wutar ta tsaya a wani yanki kaɗai, mutum zai iya yin fizgar hannu ɗaya, ko ya yi zuru yana taunar baki bai san inda yake ba. Idan ta mamaye ƙwaƙwalwar duka, sai a ga faɗuwa da sanƙarewa da jijjiga da kumfar baki. Akwai kuma wani nau'in da ke kama yara, inda yaro zai ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, sau da yawa a rana, malaminsa na ɗauka shashanci ne.

Mafi yawan magungunan farfaɗiya ɗayan abu uku suke yi, ko su haɗa: su jinkirta buɗewar ƙofofin, su ƙara wa mai lallashi ƙarfi, ko su rage sakin mai zuga.

Magunguna biyar da aka fi sani

Phenobarbital shi ne dattijon cikinsu. A 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya riƙa ba majinyatansa shi don su sami barci da dare, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu har da rana. Maganin na sa ƙofar da GABA ke buɗewa ta daɗe a buɗe, jijiyar ta yi sanyi, tashinta ya yi wuya. Yana daɗewa a jiki, domin ga babban mutum sai an kwana uku zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa sau ɗaya ake shan sa, da dare. Wannan daɗewar kuma ita ce ke sa sai an yi mako biyu zuwa uku ana sha kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, abin da ya kamata a gaya wa iyaye tun ranar farko don kada su yanke ƙauna a kwana na biyar. Ya fi kowanne araha. Illarsa kasala da yawan barci ga manya, ga wasu yara kuma akasin haka, ƙiriniya da rashin natsuwa a aji.

Phenytoin, wanda likitocin Amurka biyu, Merritt da Putnam, suka gano amfaninsa a 1938, da carbamazepine, wanda aka fi sani da sunan Tegretol, duk a kan ƙofofin sodiyam suke aiki. Hikimar da ke cikinsu ita ce sun fi kama ƙofar a lokacin da take hutawa bayan ta rufe, su tsawaita hutun. Jijiyar da ke aikinta a natse ba ta cika jin su ba, amma wadda ke buɗe ƙofa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya sai ta ci karo da shinge. Da haka mutum ke iya tunani da tafiya da sana'arsa alhali an daƙile wutar da ta wuce gona da iri. Phenytoin na da wuyar sha'ani, domin hanta na da iyakar abin da za ta iya narkarwa, kuma da an ƙetare iyakar, ɗan ƙari kaɗan na iya sa mutum tangaɗi da gani biyu-biyu. Yana kuma kumbura dasashi. Carbamazepine ya fi dacewa da farfaɗiyar da ke farawa daga yanki ɗaya na ƙwaƙwalwa, amma yana iya tsananta nau'in ɗaukewar nan ta yara. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a ɗauki maganin maƙwabci a ba wani. Duk wanda ya fara ɗaya daga cikin waɗannan uku ya ga ƙuraje sun feso masa tare da zazzaɓi ko gyambon baki da ido a makonnin farko, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, domin akwai wani nau'in saɓulewar fata da ke kisa.

Sodium valproate, da ake sayarwa da sunan Epilim, an gano shi ne bisa tsautsayi a Faransa a farkon shekarun 1960, lokacin da masu bincike ke amfani da shi wajen narkar da wasu sinadaran da suke gwadawa, sai suka lura duk abin da aka narkar a cikinsa yana hana jijjiga. Yana ƙara yawan GABA, yana kuma taɓa ƙofofin sodiyam, saboda haka yana maganin kusan kowane nau'in farfaɗiya. Matsalarsa babba ce, kuma mata ta shafa.

Levetiracetam, ko Keppra, shi ne sabo a cikinsu. An amince da shi a Amurka a 1999, kuma WHO ta shigar da shi jerin muhimman magungunanta a 2023. Yana manne wa 'yan jakunkunan da jijiya ke ajiye sinadaran saƙo a ciki, ya rage yawan sakinsu. Ta ƙoda yake fita, ba ya rigima da sauran magunguna, kuma yana cikin waɗanda suka fi sauƙi ga mai juna biyu. Wasu yana sa su saurin fushi. Babban aibinsa a Katsina tsada.

Mata, ciki, da maganin zazzaɓi

A cikin jarirai 100 da iyayensu mata suka sha valproate da cikinsu, kimanin 10 kan zo da nakasa a halitta, kamar tsagewar ƙashin baya ko matsalar zuciya, alhali a sauran jama'a adadin 2 zuwa 3 ne. Tsakanin 30 zuwa 40 kuma kan sami jinkirin magana ko koyo. A Faransa wannan ya zama babbar badaƙala da ta kai ga kotu da biyan diyya, kuma a Turai yanzu ba a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki maganin sai an rasa wani, da sharuɗɗa masu tsauri. A jihar da ake aure da wuri kuma ake yawan haihuwa, yarinyar da aka ɗora a kan valproate tana shekara 12 tana bukatar a sake duba maganinta tun kafin a sa ranar aurenta. Sai dai wadda ta riga ta sami ciki kada ta dakatar da kanta, domin jijjiga mai tsanani na iya halaka ta da abin da ke cikinta. Likita ne zai sauya, a hankali.

Akwai wani abin kuma da ba a cika faɗa ba. Phenobarbital da phenytoin da carbamazepine na zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse na iya rasa ƙarfinsu, mace ta sami cikin da ba ta shirya ba, yayin da robar da ake sawa a mahaifa ba ta shiga wannan matsala. Haka abin yake ga wasu magungunan cutar HIV. Hatta maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sha a ƙasar nan, haɗin artemether da lumefantrine, takardar da ke cikin kwalin Coartem ta yi gargaɗin kada a haɗa shi da carbamazepine ko phenytoin, domin ƙarfinsa zai ragu. A garin da kusan kowa ke yin zazzaɓi da damina, kuma mafi yawa a kemis suke sayen magani, wannan magana ce da ya kamata kowane mai farfaɗiya ya riƙa faɗa da bakinsa kafin a miƙo masa komai.

Abin da ke faruwa idan an katse

Ƙwaƙwalwar da ta saba da magani takan daidaita kanta da shi. Idan aka janye shi farat ɗaya, musamman phenobarbital, sai mai zuga ya sami fili babu mai tare shi, kuma jijjigar da za ta biyo baya na iya fin ta farko muni. Mafi haɗari ita ce wadda ba ta tsayawa. Jijjigar da ta wuce minti biyar, ko wadda ke maimaituwa mutum bai farfaɗo a tsakani ba, tana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ta kashe. A nan ne ake amfani da diazepam ta jijiya ko ta dubura, ko midazolam, waɗanda ke sa ƙofar GABA ta riƙa buɗewa akai-akai, su kashe wutar cikin mintuna. Magungunan gaggawa ne, ba na kullum ba.

Idan mutum ya shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita na iya duba yiwuwar rage maganin sannu a hankali cikin watanni, wasu kuma su rabu da shi har abada. Kimanin uku cikin goma ba sa jin magani yadda ake so, su ne masu bukatar ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, wani lokaci har da tiyata. Rashin barci da tsallake lokacin shan magani na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, shi ya sa watan azumi ke bukatar shiri. Mai shan magani sau ɗaya da dare ba shi da matsala sosai, mai sha sau biyu likita na iya mayar masa da shi sahur da buɗa-baki, wanda kuma ciwonsa bai lafa ba shari'a ta yi masa rangwame.

A gidaje da yawa, da an ga mutum ya faɗi, iska ko aljani ake fara kawowa a rai, a nufi wajen mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, sai an sha wuya a tuna da asibiti. Malaman Musulunci na farko ba su kulle wannan ƙofa ba. Ibn Sina ya bayyana farfaɗiya a matsayin cutar ƙwaƙwalwa, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya yi magana a kan farfaɗiyar da ya danganta da aljanu, ya ware wani nau'in da ya ce daga jiki yake, na likitoci ne. Addu'a ba ta hana shan magani. Abin da ke cutarwa shi ne a ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwayarsa don a gwada wani abu, ko a turara masa hayaƙi yana cikin jijjiga, ko a ɗura masa ruwa, ko a cusa masa cokali a baki. Abin yi shi ne a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta a gefe, a duba agogo. Yawunsa ba ya yaɗa cutar ga kowa. Ɗan bidiyon da wani ya ɗauka da waya, idan an nuna wa likita kaɗai ba a watsa shi ba, yakan taimaka wajen gane nau'in ciwon fiye da dogon bayani.

Cutar karkarwa da labarin Exol

Cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki da jan ƙafa, tana faruwa ne idan jijiyoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa suka riƙa mutuwa. Ba a iya ba mutum dofamin kai tsaye, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barin sa ya wuce. Sai ake ba da levodopa, wanda ke tsallake shingen, ƙwaƙwalwa ta juya shi ya zama dofamin. Ana haɗa shi da carbidopa, mai hana jiki cinye shi tun a hanya. Tun ƙarshen shekarun 1960 babu maganin da ya fi shi, amma ba ya hana jijiyoyin ci gaba da mutuwa, kuma sau uku ko fiye ake shan sa a rana. Binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi a shagunan magani na faɗin ƙasar ya nuna samunsa na da wuya, musamman a asibitocin gwamnati, kuma farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wani abin sha'awa shi ne ƙwayar karara, tsiron nan mai ƙaiƙayi, tana ɗauke da levodopa, har an yi gwajin garinta a kan majinyata a wasu ƙasashe, ko da yake yawan sinadarin na bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ba abin da mutum zai auna wa kansa a gida ba ne.

Da yake levodopa na da tsada, sau da yawa abin da tsoho mai karkarwa ke samu shi ne benzhexol, maganin da ke rage ƙarfin wani sinadarin saƙo da kan yi rinjaye idan dofamin ya ragu. Yana rage karkarwa, ana kuma ba masu shan wasu magungunan taɓin hankali don ya sassauta musu sanƙarewar jiki, amma ga tsofaffi yana kawo ruɗewa da riƙewar fitsari. Matasan Arewa sun san shi da wani suna: Exol. Shi ne hukumar NDLEA ke yawan ambata a cikin kamen da take yi, tare da diazepam da pregabalin da tramadol.

Pregabalin maganin zugin jijiya ne na gaskiya, irin zafin tafin ƙafa da ke damun masu ciwon sukari, kuma yana aiki ne ta rage shigar kalsiyam a bakin jijiya, saƙon zafi ya ragu. Amitriptyline kaɗan da dare na yin irin wannan aiki da kuɗi ƙalilan, yana kuma rage yawan tashin ciwon ɓarin kai. Tramadol kuwa, idan aka sha shi da yawa, shi da kansa yana haddasa jijjiga ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. NAFDAC ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, amma wanda ake kamawa a kasuwar bayan fage yakan kai 225. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba.

Nan ne doka ke shiga tsaka mai wuya. Phenobarbital da diazepam na cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, shigo da su da ajiye su sai da izini da rajista. Masu kemis na unguwa, waɗanda su ne asibitin talaka na farko, doka ba ta ba su damar sayar da su ba. Duk tsaurarawar da aka yi don a hana matashi maye, idan ba a buɗe wa mara lafiya wata halastacciyar hanya kusa da gidansa ba, shi ne zai fara jin ta a jikinsa.

Inda siyasa ta shigo

WHO ta daɗe tana cewa ana iya yi wa mai farfaɗiya magani da abin da bai wuce dala 5 ba a shekara, idan an yi amfani da mafi araha. Sai dai mafi yawan magungunan Najeriya, da sinadaran haɗa su, daga waje ake shigo da su. A watan Mayun 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A tsakanin nan kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a ƙasar. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Iyalin da farashi ya matsa wa yakan yi ɗayan biyu, ko a raba ƙwaya biyu, ko a riƙa sha sai an ga alamar ciwo, kuma duka biyun na sa maganin ya sauka ƙasa da matakin da yake aiki a jini.

A kan takarda, alƙawura sun wadata. A watan Mayun 2022 ƙasashe mambobin WHO, har da Najeriya, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ya sa burin cewa kafin 2031 kashi 80 cikin 100 na ƙasashe za su samar da muhimman magungunan a ƙananan asibitoci, kuma kowace ƙasa za ta ƙara yawan masu farfaɗiyar da ke samun kulawa da rabin abin da yake a 2021. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Katsina na da hukumar taimakekeniyar lafiya tata, KTSCHMA.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne a ƙasar, kuma a manyan asibitoci suke, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Kano da Zariya. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 da gundumomi 361 ba za ta iya turo kowane mai farfaɗiya birni duk wata ba, ballantana ta hanyoyin da ake tsoron bi. Wannan ne ya sa masu bincike daga Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gudanar da wani gwaji mai suna BRIDGE a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci su gano farfaɗiyar yara da tambayoyin da aka tsara da Hausa, su kuma ba da magani. Tsarin WHO na mhGAP ma a kan wannan tunani aka gina shi. Saboda haka tambayoyin da suka dace a yi wa ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ƙanana ne kuma ana iya tantance amsarsu: shin akwai phenobarbital da carbamazepine a asibitin gunduma yau, kwana nawa suka yanke a wata ukun da suka wuce, akwai diazepam na gaggawa a ɗakin haihuwa da na yara, kuma inshorar jiha na biyan kuɗin maganin wata-wata ko sai ganin likita kaɗai?

Ga iyalin da tafiya ta kama ba shiri, ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a riƙa ajiye maganin aƙalla mako biyu a gefe, cikin kwalinsa, nesa da zafin rana da laima, domin carbamazepine musamman yana rasa ƙarfi idan ya sha danshi. A kuma ɗauki hoton kwalin da katin asibiti a waya, yadda sunan maganin da nauyinsa da lokutan shan sa za su fito sosai. Da wannan hoton, ma'aikacin lafiya a Katsina da bai taɓa ganin majinyacin ba zai iya ɗora shi a kan maganinsa a ranar da ya iso, ba sai an koma Batsari neman fayil ba.